Toshin da Aka Sayo a Katsina

Shekarun baya, tun Nasara na mulkin ƙasar nan, na yi wa maigidana wata ƙarya wadda ta kusa raba shi da ransa. Ni ban iya rubutu ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya, ta ci gaba. Damina huɗu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, har yau ban saba ba.

Maƙeri ne. Rumfarsa na ƙofar gidanmu a Maraɗi, wajen Sabon Gari, lokacin unguwar ba ta cika ba. Yawancin aikinsa hauya ce da gatari da lauje, amma an san shi da gyaran bindigar mafarauta, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A zamanin nan ba kowa ke riƙe bindiga ba. Sai kwamandan Nasara ya ba ka farmi, wato takardar izni, kuma takardar ta bindiga ɗaya ce kaɗai, mai lambar da aka buga a jikinta. In ta lalace, ba ka da wata.

Akwai al'adar da ya gada wurin ubansa. Duk bindigar da ya gyara, shi zai fara harba ta, a kafaɗarsa, mai ita na tsaye yana kallo. Wasu maƙeran ɗaure ta suke yi a jikin itace, su ja kunamar da igiya daga nesa. Shi kuwa yakan ce wanda ya yi haka ya shaida wa gari cewa bai yarda da aikin hannunsa ba.

Yana da wani aboki mafarauci, Bagobirin Tsibiri, Anne ne, mai bin addinin gargajiya, mutum mai fara'a da garaje. Maigida kuwa Bakatsine ne. Kun san Bakatsine da Bagobiri, in sun haɗu babu mai raga wa wani. Wata safiya ya zo da bindigarsa a naɗe cikin tabarma. Abin da ya lalace shi ne toshin gindinta, wani guntun ƙarfe mai haƙora da ake murɗawa ya shige ƙarshen bututun. Shi ke tare wuta kada ta dawo wa mai harbi. Tsatsa ta cinye tsohon, sai ya taka har Katsina ya sayo sabo.

Ya jefa shi gaban maigida ya ce, "Bawana, ga ɗan garinku na kawo maka. Na san za ku jitu."

Maigida ya sa toshin a bakin ramin ya murɗa da yatsu. Zagaye biyu ya tsaya cik. Ya fito da shi, ya ɗaga shi wajen haske ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wanga na Ingilishi ne, bindigarka kuwa ta Faransi ce. Haƙoransu ba ɗaya ba ne."

"To a sa mishi ƙarfi mana."

"Haka kuke Gobirawa, ko fura sai kun dame ta da kulki. Ƙarfe in ya ƙi shiga, magana yake yi maka. In ka tilasta shi zai shiga, amma sai ya karya haƙoran da ke riƙe da shi."

Bagobiri ya ce buɗin daji saura kwana biyar, ranar da duk mafarautan yankinsu ke fita tare, kuma tun da ya girma bai taɓa fashi ba. Maigida ya ce to ya yi addu'a irin tasu.

Kwana biyu yana kan toshin nan. Ya shafa masa baƙin tukunya, ya murɗa, ya fito da shi ya ga inda ya goge, ya bi wurin da ɗan ƙaramin magagari, ya ɗiga man gyaɗa, ya sake. In na kai masa abinci sai ya huce bai taɓa ba. A kwana biyun nan toshin ya shiga rabi. Rana ta uku da sassafe aka aiko cewa kawunsa ya rasu a Jiratawa. Ya zuba wa toshin mai, ya bar shi a rabin nan, ya jingine bututun a kusurwa. Suka tafi da mahaifiyarsa, aka bar ni tsaron gida.

Da hantsi sai ga Bagobiri. Da ya ji maigida sai gobe, ya shiga rumfa ya fito, ya sake shiga. Can ya kira ni.

"Matar bawana, zo ki riƙe mini nan. Mai ya ratsa, ɗan abu kaɗan ya rage."

Na ce masa mace ba ta taɓa kayan maƙera, uwar mijina ta gaya mini haka tun ranar da aka kawo ni.

Ya ce, "Wa ya ce ki taɓa kayan maƙera? Bindigata ce. Ki zauna kanta kawai."

Lokacin ban shekara a gidan ba. Ina jin kunyar abokin miji, kuma, in faɗi gaskiya, na ji daɗi an ce akwai aikin da ba zai yiwu ba sai da ni. Har ina hango maigida ya dawo ya tarar an rage masa wahala. Dubi wauta. Ya danne bututun tsakanin gungume biyu, na hau na zauna kamar mai daɓe. Ya kama toshin da babban awartaki, ya zura wani dogon ƙarfe, ya kwanta a kai da dukan nauyinsa.

Na ji shi a jikina kafin in ji da kunne. Kun san in kana cin tuwo ka tauna tsakuwa? Haka. Ya yi ƙara, ya cije, sai ya saki farat ɗaya ya dinga tafiya da sauƙi. Da na tashi na ga wasu 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli a bakin zanena, kamar ɓawon kifi.

Na ce, "Mi ne wannan?"

"Dauɗar Ingilishi ce ta fita. Kin gani? Ƙarfe jaki ne, sai da sanda." Ya goge wurin da tsumma, ya mayar da bututun kusurwa. Yana fita ya juyo ya ce, "Kada ki gaya mishi, kin san halin Katsinawa da fushi. Zabuwa ta farko taki ce."

Na kakkaɓe zane. Na ɗauko tsintsiya na share rumfar tas, har sau biyu.

Washegari da hantsi maigida ya dawo a gajiye, idonsa ja. Bagobiri na zaune yana jiransa. Bayan gaisuwar rashi ya ce, "Albishirinka. Na zo na taɓa shi da yatsa, mai ya yi aikinsa, ya shige da kansa."

Maigida ya ɗauki bututun ya juya shi. Toshin ya zauna daram, babu ko tazarar gashi. Ya gwada shi da hannu, bai motsa ba. Ina kawo masa ruwa sai ya dube ni ya ce, "Bayan tafiyata an sa wa abin nan ƙarfe?"

Na ce, "Ban gani ba."

Ƙaryar ke nan. Da wani ne ya faɗa da bai yarda ba. Amma ni ce, kuma ban taɓa yi masa ba. Ya ce ikon Allah, ya shiga harhaɗa bindigar da icenta. Suka yanke cewa bayan la'asar za su gangara bakin gulbi a gwada.

Daga hantsin nan zuwa la'asar ban san irin yinin da na yi ba. Na ce wa kaina ai ya duba da idonsa, shi ne maƙeri, ni mi na sani? Na ce wa kaina ai Bagobiri shekara ashirin yana harbi, ba zai kashe abokinsa ba. Na sa gishiri sau biyu a miya. Sau uku ina zuwa bakin rumfa da niyyar magana, in tarar da maza zaune, in koma. Abin da nake tsoro shi ne a ce na hau kan aikin miji ba ya nan, tare da wani namiji, sannan na dubi idonsa na musa. Ina ganin ranar za a ɗaura mini kayana a ka.

Da aka yi la'asar na ji tashinsu. Ya leƙo ya ce, "Mun tafi, a ajiye mini fura." Na ce a dawo lafiya. Har da a dawo lafiya.

Na koma kan turmi ina daka. Can sai na tuna wani mutum da nake gani a kasuwar ƙauyenmu ina yarinya, mai sayar da igiya. Gefen fuskarsa ɗaya babu, daga ido har muƙamuƙi fata ce kawai a tattare. Mu yara mukan gudu in mun hango shi. Na taɓa tambayar mahaifiyata, ta ce bindiga ce ta tofa masa ta baya. Ban ƙara tuna mutumin nan ba sai ranar. Na saki taɓarya ta faɗi. Ban san lokacin da na fita ba, ba takalmi, hannu duk gari.

Daga unguwarmu zuwa gulbi gangara ce mai nisa. Mata na tambayata lafiya, ban amsa ba. Duk tafiyar nan kunnena na jiran ƙara. Ko jaki ya taka busasshen kara sai gabana ya faɗi.

Na same su ƙarƙashin wani gawo, su biyu da wasu maza huɗu 'yan kallo. Maigida ya gama ɗuri, yana zare sandar daga bakin bindigar. Na zube a gabansa, numfashi ya ƙi fita.

Ya ce, "Wa ya mutu kuma?"

Na ce, "An sa mishi ƙarfe. Ni na zauna a kai. Na ji ya karye, na ga ɓarɓashi, na share."

Bagobiri ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai, mata. Ɗan taimako ne muka yi mishi. Kawo in harba da kaina in kana tsoro."

Maigida bai dube shi ba, bai kuma dube ni ba. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure bindigar a jikin gawon, abin da bai taɓa yi ba a gaban mutane. Ya karɓi igiyar jakin wani ya ɗaura wa kunamar, ya ce kowa ya koma bayan tudu. Ya ja.

Ta tashi lafiya lau. Hayaƙi ya fita ta baki, tsuntsaye suka watse, shi ke nan.

Bagobiri ya dinga dariya har da dukan cinya. "Yau na ga Bakatsine ya ɗaura wa itace rawani saboda maganar mace." 'Yan kallo ma suka dara. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Na tona wa kaina asiri, na sa mijina ya karya al'adar ubansa, duk a banza.

Maigida ya je ya sunkuya a gindin bindigar. Ya shafa yatsa a bakin toshin ya duba, ya sansana. Ya sake ɗuri. Bagobiri ya ce albarushi ba yashi ba ne. Maigida ya ce masa, "Koma bayan tudu."

Ƙara ta biyu ba irin ta farko ba ce. Wani abu ya wuce yana kuwwa. Da hayaƙi ya lafa, icen bindigar ya tsage gida biyu, rawanin na ci da wuta, toshin kuwa babu shi. Daga baya aka same shi ya nutse cikin gangaren ƙasa, taku goma a baya. Inda icen ya tsage, nan ne mai harbi ke kwantar da kuncinsa.

Bagobiri ya zauna a ƙasa. Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar.

Muka hau gangara, maigida a gaba ni a baya. Da muka shiga gida ya zauna ya ce in ba shi ruwa. Na miƙa masa ƙwarya, sai na ga ruwan na zuba a rigarsa. Na tallafa masa ya sha. Ina jiran ya ce in tattara kayana.

Ya ce, "Da hantsi kin ce ba ki gani ba."

Na ce, "Na ce."

"Da la'asar kin zo."

Bai ƙara ba, ranar ko bayanta. Ko mahaifiyarsa a bakin mutane ta ji. Bagobiri bai je buɗin daji ba shekarar nan. Bayan kwana bakwai ya zo ya durƙusa a bakin rumfa, babu wasa. Maigida ya bar shi ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce, "Tashi, ai na san ba ku da hankali tun kakanni." Wata guda ya yi yana ƙera masa wani toshin da hannunsa, ya sassaƙa sabon ice. Da ya gama, a kafaɗarsa ya harba ta. Ban je ba. Na zauna a ɗaka na toshe kunne.

Mutane in sun ji labarin nan sukan ce na ceci mijina. Ni ba haka nake ganinsa ba. Abin da nake tunawa shi ne daga hantsi zuwa la'asar, ina kallonsa yana harhaɗa abin da zai kashe shi, ina auna kunyata da ransa, kuma kunyar na rinjaye. Ku 'yan baya, in kun ɓata abu a ɓoye, ku faɗa tun mai gyara na kusa. Kunya tana wucewa. Tawa ko mako ba ta yi ba.

Mun yi shekaru masu yawa bayan nan, mun haifa, mun binne wasu, mun aurar da wasu. Ranar da ya cika, kafin maza su shigo, na roƙa a bar ni da shi kaɗan. Na rufe masa idanunsa, duka biyun. Na shafa kuncinsa na dama. Tsufa ya tattare shi, amma babu tabo ko ɗaya. Na ce masa ya yafe mini hantsin nan. Duk zaman da muka yi ban taɓa iya roƙonsa ba sai da ya kasa amsawa.