Na Goma Sha Ɗaya a Hanyar Zurmi

Mun tashi daga Zariya da asuba, ana sallame salla muka shiga mota, ni da jaka ɗaya da takalman gudu a cikin leda. Ƙaura Namoda na nufa, garin da aka haife ni, don wata ƙungiyar matasa ta shirya tseren rabin dogon zango, kilomita ashirin da ɗaya, na kuwa aika da sunana. Shekaruna sittin da biyu. Tun ina ma'aikacin jirgin ƙasa nake shiga gasar gudu, ban kuma daina ba. Kafin in fito, babbar 'yata, wadda ke kula da ni tun rasuwar mahaifiyarta, ta sa na yi mata alkawari: in ban shiga cikin goman farko ba, na bar gasa har abada. Na amsa ba gardama, don a raina ban ga samari goma da za su riga ni ba.

Daga Funtuwa hanya ta fara lalacewa. Da muka kusa Tsafe sai direba ya tsaya ya sake mana zama, mata baya, maza gaba, ya ce yanzu ƙasar shari'a muka shigo. Wani ɗan kasuwa mai ƙiba ya dawo kusa da ni, ya danne mini cinyar dama har Gusau, cinyar da nake lallaɓawa wata uku. A bakin hanya alluna da yawa an shafe Sakkwato an rubuta Zamfara, amma fentin bai yi kauri ba, tsohon sunan yana leƙowa ta ƙasa. Gusau kuwa ta zama babban birni da gaggawa, kamar wanda aka naɗa wa rawani bai gama wanka ba. Kwanon tuwon da na saba saye ya ninka kuɗi, miya ta ragu.

Da la'asar na sauka Ƙaura. Tashar jirgi na fara zuwa. Nan ne ƙarshen dogo, nan na yi shekara tara ina aiki. Awaki na tarar kwance a kan layi. Na zauna a dandamali har inuwa ta miƙe, ba wanda ya gane ni, ni ma ban gane kowa ba.

Washegari na hau mota zuwa Shinkafi ta Moriki, don in ga tsohon abokin karawata. Shekara goma sha biyar muka yi muna tsere da shi, har Yamai mun je tare, bai taɓa barin na wuce shi ba sai ya zage ni. Na same shi a rumfar hatsi, ya yi tumbi, tasbaha a hannu. Na gaya masa abin da ya kawo ni.

"Kai dai ba ka da kunya," in ji shi. "Tsaranka suna sahun gaba a masallaci, kai kana tsere da jikokinka."

"Taho gobe ka tsaya bakin hanya ka zage ni, ko na ƙara sauri."

"Gwiwa ta ƙi, malam. Sauran 'yan ƙungiyarmu ta gudu fa, wa ya rage?"

Muka lissafa. Mu biyu ne. Ya sa aka dama mini fura da nono mai kyau, irin wanda ban sha ba tun a Maraɗi, na gai da mai nonon da Fulatanci ta yi ta dariyar harshena. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, amma ranar tseren bai zo ba.

Ranar tsere muka taru da hantsi a bakin gari, kan hanyar Zurmi. Za a yi rabin tafiyar a juyo. Mu arba'in da 'yan kai ne, duk maza, kowa da wando mai rufe gwiwa kamar yadda aka sharɗanta. Ba kiɗa, ba kalangu, sai lasifika ɗaya. Wasu da takalmin roba, wasu ƙafa a ƙasa. Shugaban ƙungiyar ya ga farin gemuna, ya tambayi labarina, sai ya ɗauki lasifika ya ce yau akwai uba a cikinsu, wanda ya yi gudu a ƙasashe, kowa ya girmama shi. Samari suka yi ta zuwa suna durƙusawa suna gaishe ni. Na ji daɗi a lokacin, ban san abin da ya jawo mini ba.

Ana busa usur suka zuba kamar an buɗe wa tumaki garke. Na bar su. Na san wannan tun daga Akara har Khartum: mai fara gudu da zafi, a kilomita na bakwai za ka same shi riƙe da ciki. Haka kuwa aka yi. Na riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa. Gonakin gero da dawa an riga an girbe, sai karare a tsaye. Wani manomi ya gan ni ni kaɗai, ya jefar da lauje ya taho a guje yana tambaya ko lafiya, wa ya rasu. Na ɗaga masa hannu kawai. A wurin juyowa mai rubuta lamba ya ce ni ne na takwas.

Bayan nan ne na fara jin ƙafafu a bayana. Samari uku. Na saurari numfashinsu, don ɗan tsere da kunne yake auna abokin karawa. Ba su gaji ba ko kaɗan, hira ma suke yi ƙasa-ƙasa. Na rage sauri, suka rage. Na koma gefen hanya na ba su fili, suka bi ni gefen. Kamar liman da mamu.

Kilomita huɗu muka yi a haka. Na yi tsere a inda ake dukan mutum da gwiwar hannu, na yi a inda ake tofa maka yawu a ƙafa, ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan hanya ba. Mutum uku suna taku biyar a bayana, amma ba wanda ke tsere da ni. Na yi lissafi: in suka ci gaba da rakiyar nan, ni ne na takwas, zan koma gida in ci gaba da gasa. In suka wuce, na goma sha ɗaya. Shaiɗan ya ce mini in yi shiru, ai ba ni na roƙe su ba. Na kuwa yi shirun kusan kilomita guda, ba zan ɓoye muku ba.

Daga nan na waiwaya na ce, "Ku wuce mana!"

Na gabansu, wani dogo mai tsagar Zamfarawa, ya ce, "A'a Baba, mi za a ce da mu cikin gari? Mun tsere ma ubanmu?"

"Shekarar ubanka nawa?"

"Ya kai arba'in da biyar."

"To na haife shi. Ni ba ubanka ba ne, kakanka ne, ragon banza. Kakarka ta gaya mini ko kaza ba ka iya kamawa."

Sai da ya yi taku uku kafin maganar ta shige shi. Kun san tsakanin jika da kaka ba kunya sai wasa. Na ji dariya ta ƙwace masa. Ya matso kafaɗa da kafaɗa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wanga tsoho, ashe baki gare ka! To in na riga ka gida, na ɗauke tsohuwar, dama matata ce kake riƙe min."

Shekara biyu ke nan ba wanda ya ambaci matata gabana sai da sassauta murya da addu'a. Ban gaya masa ba ta duniya. Na ce, "Sai ka kama ni tukuna," na buɗe ƙafa.

Abin da ya biyo baya shi ne tseren da na zo nema. Na ba su duk abin da ya rage a ƙirjina. Dogon ya wuce ni a gangaren wata gada, yana kirana mai gemun bunsuru. Na biyu ya bi shi. Na ukun kuwa sai da muka yi ta musayar gaba har rumfunan bakin gari, ina jin numfashinsa ya fara tsagewa kamar nawa, kafin ya tsere mini da taku kaɗan. Na goma sha ɗaya. Na zube a gindin wata bishiyar bedi, dogon ya kawo mini ruwa a buta, ya ce in sha a hankali kada haƙoran da suka rage su zube.

Kwana ɗaya na ƙara na kamo hanya. A mota cinyoyina suka ƙage, sai da yaran tasha suka sauko da ni a Zariya kamar buhun gero. 'Yata na bakin ƙofa. Ba ta san kowa a Ƙaura ba, duk lambar da na faɗa ita za ta karɓa. Na ce mata na goma sha ɗaya. Ta buɗe baki za ta yi mini jaje, na ce ta bari.

Na yi yawo a ƙasashe, ban ga inda ake girmama tsoho kamar ƙasarmu ba, ina kuma alfahari da hakan. Amma a tafiyar nan na gane girmamawa tana iya zama ɗaki mai kyau da ake rufe mutum a ciki shi kaɗai. Na cika alkawari, na bar gasa. Na bar ta ne a hannun waɗanda suka fi ni gudu da gaske, suna zagina ina zaginsu, kuma in da za a sake mayar da ni kan hanyar nan, haka zan sake zaɓa.