Tsohon da Ya Ƙi Ciwuwa

A gasar darar Turawa ta 'yan unguwa, wato darar nan mai sarki da sarauniya, wata malamar asibiti tana zaune gaban wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare. In ta cinye shi, kofi nata ne. Ta kwashe masa kusan komai, saura sarauniya. Da ita yake ta korar sarkin malamar, nan zuwa can, can zuwa nan, yana shafa gemu.

"Haba Baba, ai wasan nan ya mutu!"

"Ni dai ban mutu ba, 'yata."

Da korar ta ƙi ƙarewa, alƙalin gasa ya ce canjaras, kofi ya suɓuce mata. Tsohon ya miƙe yana murmushi. Ta bi shi da harara, a ranta tana cewa Allah Ya ba matarsa haƙuri.