Injin Markaɗen Da Aka Sallame Ni Da Shi

A lokacin ni direba ne a gidan wani Alhaji ɗan kwangila a Unguwar Dosa. Karatuna bai yi nisa ba, amma a tuƙi ban san wanda ya fi ni ba. Kuskurena tun ranar farko ne: ban yi cinikin albashi ba. Wanda ya kai ni ya ce ba a ciniki da manya, in yi biyayya kawai, wata rana za a sallame ni da abin arziki. Haka na kwashe shekaru, yau a ba ni na cefane, gobe a sa mini albarka. Ni kuwa a raina mota nake jira.

Da harkar Alhaji ta karye ya sayar da motocin, sai ya ja ni bayan gida ya nuna mini wani tsohon injin markaɗe da kaji ke kwana a kansa, wai shi ne sallamata. Wallahi ko godiya ban yi ba. Na kai shi gidan da muke haya a Hayin Banki, na kira ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya auna. Muna cikin ciniki matata ta fito ta zauna daram a kan injin, ta ce ba za a auna gumina kamar ƙarfen bola ba, sai dai a ɗaga su tare. Na ce ta yi ta zama har ita ma ta yi tsatsa. Ɗan gwangwan ya yi dariya, ya ce shi ba ya sayen kaya da mai su a kai, ya tura kurarsa.

Na koma acaɓa da babur ɗin haya, in fita da asuba in dawo a gajiye. Na san matata ta sayar da kwanukanta ta gyara injin, ban dai kula ba. Sai da aka hana acaɓa aka kama babur ɗin, na kwanta a ɗaki ina tunanin yadda mai gidan haya zai watso mana kaya. Washegari ƙarar injin ta tashe ni. Na leƙa zaure na ga robobi jere har bakin ƙofa, kayan miya, waken ƙosai, geron kunu, mata na ta yi mata Hajiya. Na tambaye ta batun haya, ta ce ai ta biya tuntuni. Ashe tuwon da nake ci ina ɗaga kafaɗa, da makarantar 'yarmu, duk daga bakin wannan ƙarfen suke fitowa. Na ɗora hannuna a kansa, da zafinsa. Sai subhanallahi kawai nake iya faɗa.

Ban ce Alhaji ya biya ni haƙƙina ba. Bai biya ba, kuma akwai ranar da za mu tsaya gaban Allah. Amma na ga yadda Allah ke zuba albarka a abin da ka raina. Masu neman aiki, ku ajiye kunya, ku yanke albashinku gaban shaidu tun ranar farko. Abin da ya shigo hannunku kuma kada fushi ya sa ku yar.

Yanzu ni ke tayar mata da injin kullum, ita ke biyana. Wannan karon sai da na yi ciniki.