Bazarar da Aka Kashe Mini Wutar Jego

Jikokina sun ɗauka iyayi ne ya hana ni cin miyar da aka jefa wa kanwa. In an yi kuɓewa ko ɗanwake a gidan nan sai an raba tukunya, a yi mini nawa lami, su kuma su zauna suna tsiya wai tsohuwa ta zama Baturiya. Ina ƙyale su. Ba su san zuciyar nan da ke sa ni haki in na hau dakalin ƙofar gida ba, tun zamanin Turawa nake lallaɓa ta.

A Unguwar Lalle, kusa da Sabon Birni, aka haife ni, aka kai ni aure Isa. Da cikina na fari ya tsufa aka maido ni gida goyon ciki, aka shimfiɗa mini a ɗakin da yayata ta rasu.

Yayata ita ce 'yar farin Inna, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, saboda kunya. In maganarta ta kama sai ta ce "waccan". A jegonta na fari ta mutu. Ta kumbura daga ƙafa har fuska, numfashi ya gagare ta. Shekarar ayarin Buzaye bai sauko da wuri ba, kanwa ta yi wuya, farkon jegon da 'yar kaɗan aka lallaɓa. Da ta soma kumbura Inna ta bi gida-gida tana roƙo, duk abin da ta samo ta dama ta ɗura mata, ta ƙara wuta ƙarƙashin gado. Duk da haka ba ta kai arba'in ba. Matan unguwa suka ce sanyi ya riga ya shige ta, Inna kuma ta ɗauki wannan magana ta aza wa kanta. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba a yi wa 'yar fari haka.

To da aka zo kaina Inna ta ɗaura ɗamara. Tun cikina bai fito ba ta sayi kanwa ta ɓoye, ta tara itacen ƙirya har ya kusa tsayin danga. Na haifi 'ya mace a tsakiyar bazara, lokacin da kaji ma ke buɗe baki a inuwa. Safe da yamma sai a tafasa ruwa a babbar tukunya, Inna ta tsoma ɗaurin ganyen tsamiya ta riƙa fyaɗa mini, ina cije baki, don mai jego ba ta raki. Daga nan in hau gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, a miƙo mini ƙwaryar kunun kanwa. Kunun Inna har ɗaci yake yi a harshe. Ban taɓa ƙorafi ba. Duk abin da muke tsoro a duniya shi ne sanyi, wanda aka ce yana shiga jikin mace ta inda haihuwa ta buɗe, in ya shiga kuwa sai dai wata ba ita ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki na lura munduwata ta daina zamewa. Ta nutse a tsintsiyar hannu, ko juyawa ba ta yi. Ƙafafuna suka yi suntum. Sai kwanciya ta gagare ni: da na miƙe bayana sai in ji kamar an danna kaina cikin randa, in tashi a firgice ina tari, kumfa na fitowa. Na koma zama jingine da bango. Zuciyata tana fizga a ƙirji kamar kazar da aka riƙe wa ƙafafu. In na ɗauki jaririyar zan ba ta nono, kafin ta ƙoshi hannuwana sun mutu.

Na san abin da nake gani, don na gan shi a jikin yayata, a wannan ɗaki, a jikin wannan bango. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma kada wani ya ɗauka ni wata mai wayo ce da aka tilasta wa. Da bakina na riƙa cewa, "Inna, ƙara mani wuta." Ita kuwa ta ƙara, ta ninka kanwa.

Ran kasuwar Sabon Birni maigidana ya zo daga Isa. Da ya leƙo ya gan ni sai ya juya ya fita, bai ko gama sallama ba. Shi da Inna ba sa haɗa ido, surukai ne, sai ya durƙusa a bayan zana ya yi magana daga can.

"Inna, a yi mani aikin gahwara. Likitan Turawan nan da yaz zo Isa yanzu shina Sabon Birni. Na ji ana shela, matan da sunka kumbura cikin jego shika nema. Ina son a kai ta."

Inna ba ta amsa masa ba, ni ta kalla. "Hwaɗa mashi mai jego ba ta ratsa daji. Iska shi buge ta bisa hanya, wa za shi amsa?"

Ba ita kaɗai ke gudun abin ba. Ana ta faɗa a gari cewa Baturen yana zuƙe jinin mata ya cika kwalabe, har wasu gidajen sun ɓoye masu jegonsu a rumbu. Amma maigidana ya je ya sami Baba a zaure, Baba kuma ya ce matar mutum ce, tunda mijinta ya ce a kai ta, a kai ta. Washegari da safe aka aza ni kan jaki. Inna ta naɗe ni da gwado da bargo a cikin wannan zafi, ta goya jaririyar, ta ƙulle kanwa a bakin zanenta, ta biyo mu a ƙasa tana mita har muka isa.

A barikin gari muka same shi. Dogo ne, ja, yana ta gumi, hannuwansa duk gashi. Na rufe fuska da mayafi ina jiran kwalba. Tare da shi akwai malamin asibiti, mutumin Isa, shi ke yin tafinta. Likitan ya danna babban yatsansa a ƙaurina ya ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya daɗe yana kallon jijiyar wuyana. Ya ɗaure mini dantse da wani ƙyalle yana matsa masa iska, sannan ya sa wata igiyar roba a kunnuwansa ya ɗora bakinta a ƙirjina, ya runtse ido. Bakin abin sanyi ƙalau. Na ce a raina shi ke nan, ga sanyin da aka wuni ana kora an kawo shi da hannu.

Sai ya shiga tambaya, Inna ce ma aka fi tambaya. Yaushe aka soma wanka, yaya zafin ruwan, ana kwana da wuta ko ana kashewa. Ya ce ta nuna masa yawan kanwar da take zubawa. Inna ta kwance ƙullinta ta cika tafin hannu, har da ɗan taƙama, don a san ba ta yi rowa ba. Ya ɗauki ɗan ɓarɓashi ya lasa, ya tofar.

Malamin ya ce mini, "Likita ya ce zuciyarki ta gaji. Ta buɗe, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi yas sa ruwa ya taru. Kanwa tana riƙe ruwa cikin jiki awa gishiri, zahin wuta kuma shina ƙara ma zuciya aiki. A bar kanwa, a bar gishiri, a kashe wuta. Wanka da ruwan ɗumi kawai."

Inna ta ce, "Ni da wanga wanka nih haihu duka ɗiyana, ga ni tsaye. Uwata ma hakanan. Tambaye shi, ya tabbata?"

Suka yi ta Turanci, sannan malamin ya juyo. "Ya ce bai tabbata ba tukuna, bincike shikai. Gari-gari shika bi, ya ga mata da yawa haka, galibi cikin bazara. Bai san mi yas sa wasu ka kamuwa wasu ba su kamuwa ba. Cikin waɗanda sunka bar kanwa wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Amma ya ce da ɗiyatai ta, da ya hana ta."

Wannan "bai tabbata ba" ya fi komai ba ni tsoro. Ban taɓa jin mai magani ya faɗi haka ba. Ungozomar garinmu ko ciwon kai ka kai mata sai ta gaya maka ranar da za ka warke.

Muka sauka gidan wata ƙanwar Baba a nan Sabon Birni, saboda malamin zai riƙa zuwa yana yi mini allura, ga kuma wasu ƙananan ƙwayoyi farare da zan riƙa haɗiya. Aka jingine ni a ɗaki babu garwashi. Matan gidan suka riƙa leƙowa suna kama baki, kamar masu kallon gawa.

Washegari da hantsi Inna ta shigo da ƙwarya. Tun daga ƙofa na ji warin kanwa. Ta durƙusa a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sha," in ji ta. "Ba wanda za shi sani. Na yi sakaci sau guda, ba ni ƙarawa."

Wallahi raina ya so in sha. Na san ɗanɗanon kunun, na san hannun da ya dama shi, Baturen kuwa ko harshensa ba na ji. Amma na tuna yayata ta sha duk abin da aka ba ta, har ranar ƙarshe ana ɗura mata da ludayi. Ban iya faɗa wa Inna haka ba. Na ce, "Inna, ki bar ni zuwa Jumma'a. In ban ji sauƙi ba, ki kawo, za ni sha."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ba ta zubar da kanwar ba, tana nan ƙulle a bakin zane.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Allurar ta sa ni fitsari ba ƙaƙƙautawa, matan gidan suka ce jikina ne ke tsiyayewa. In tsigar jikina ta ɗan tashi sai in ce ga sanyin nan ya shigo. Ana cikin haka, ran Laraba da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, ruwan farko ya sauka. Gari duka ana murna, maza na neman sungumi, yara na tsalle a tsakar gida. Ni kuwa iska mai sanyi ta ɗaga labule ta taɓa ni, mai jego ba wuta ba kanwa. Na fashe da kuka. Na ce wa Inna in ta Allah ta kasance kada a kai yarinyar Isa, ta riƙe ta. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta tare iskar da jikinta, ruwa na dukan bayanta, hannunta a kan ƙullin kanwar. Ba ta kwance shi ba. Har yau ban san abin da ya riƙe ta ba, ko alkawarin Jumma'a ne.

Ran Alhamis da rana barci ya sace ni ban sani ba. Da na farka na gan ni kwance a miƙe bisa tabarma, ina numfashi kamar kowa. Na ɗaga hannu zan share gumi, munduwata ta zame har gwiwar hannu.

Ban warke sarai ba, ban taɓa warkewa sarai ba. Na daɗe ina shan ƙwayoyin nan, na bar daka da ɗaukar tulu, sauran jegona duka da ruwan ɗumi na yi su ana zagina a unguwa. Likitan ya dawo bayan damina ya sake saurarar ƙirjina, ya gyaɗa kai, ya wuce wani gari. Ban san inda bincikensa ya ƙare ba.

Amma ranar Jumma'ar nake son in faɗa. Da safe Inna ta shigo ba ƙwarya. Ta zauna a ƙasa, ta ja ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta danna babban yatsanta a ƙaurina yadda ta ga Baturen ya yi. Ta ɗaga, naman ya taso. Ta sake dannawa a wani wuri, ya sake tasowa. Na yi tsammanin za ta yi hamdala, har na soma murmushi ina shirin tsokanarta. Sai na ga fuskarta, na haɗiye maganata.

Ta ce, "Ke nan da ban bi gida-gida ba..."

"Inna, kwananta na yaƙ ƙare. Shi kanshi likitan ya ce bai tabbata ba."

Kamar ba ta ji ni ba. Ta kwance bakin zanenta, ta zuba kanwar a tafin hannu tana kallo. "Ta ce mani wutar ta yi yawa," in ji ta. "Nic ce ta daure."

Daga nan ta kira sunan yayata. A hankali ta faɗe shi, cikakke, yadda aka raɗa shi ran suna. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta sake faɗa, ƙafata tana kan cinyarta ba ta sake ta ba, ni kuma ban janye ba.