Dda Bihi da Rumbun da Muka Ƙwace Masa

Shekara arba'in da ɗaya, idan aka sallame sallar asuba a Igil-Wamas, kowa gida yake komawa ya jira shayi, ban da Dda Bihi, kamar yadda muke kiran dattijo Bihi don girmamawa. Shi kwando yake ratayawa ya kama hanyar da ta hau tsauni zuwa agadir, tsohon rumbun garinmu mai ɗakuna tamanin, kowane gida da nasa, wanda kakanni suka gina da duwatsu. Yana isa zai buɗe ƙofa da dogon mabuɗinsa na ice, ya zuba wa kyanwoyi abinci don kada su gudu su bar wa ɓeraye sha'ir. Daga nan ya hau rufi yana zura hannu cikin kowane indararo, yana kwashe ƙasa da sheƙar tsuntsaye. Inda ya ga tsaga ya kwaɓa laka ya liƙe. Sai rana ta take zai sauko, matarsa Lalla Tuda ta ajiye masa burodin sha'ir da man 'ya'yan itacen argan tana mita.

Mazauna bakin shago ba sa barinsa ya wuce lafiya. "Dda, tsakanin kai da duwatsun nan, wa zai riga wani faɗuwa?"

"Ku dai ku riƙe kofunanku da kyau, kada su riga mu," in ji shi, ko waiwaye babu.

Lalla Ijja tana raye, wanda ya so ya tambaye ta. Da mijinta ya rasu, ƙanensa ya hau agadir yana so a buɗe masa ɗakin mamacin, inda aka ajiye allunan da aka rubuta iyakokin gonakinsu. Dda Bihi ya zauna daram a bakin ƙofa.

"Ɗakin marayu ba ya buɗuwa sai uwarsu na tsaye."

"Ni fa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Na san ka tun kana satar ɓaure a gonar liman. Je ka zo da ita."

Bai zo da ita ba. Gonakin nan har yau 'ya'yan Ijja ke noma su.

To ga abin da ya sa alƙalamina yake nauyi. Shekara uku da suka wuce, mu 'yan garin da muka yi karatu muka watsu a Kazabulanka da Faransa, muka dawo hutun rani muka kafa ƙungiya, muka naɗa Yidir shugaba. Muka shirya mayar da agadir masaukin masu yawon buɗe ido, muka fara da dafe rufinsa da siminti. Dda Bihi ya ce siminti zai tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, azara ta ruɓe. Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu. Sai muka kira taro a harabar masallaci.

Yidir ya ce, "Dda, ka yi iya naka, ka huta haka nan. Turawa ne za su riƙa zuwa, kai kuwa ko sannu ba ka iya ba da Faransanci. Ko kyanwoyin ne za su yi maka tafinta?"

Aka kwashe da dariya. Aka ce masu son a canza mai tsaro su ɗaga hannu. Hannaye suka tashi, har da nawa. Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya halarci sunan yawancinsu. Ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya ajiye kan tabarma.

"Ku riƙa duba indararo kafin ruwan saman lokacin sanyi," abin da ya ce ke nan.

Muka sa ƙaton kwaɗo a ƙofar, hutu ya ƙare, kowa ya koma birni. Lalla Tuda ta ba mu labari daga baya cewa bai fasa hawa ko rana ɗaya ba. Yakan zauna a waje, ya tura wa kyanwoyi abinci ta ƙarƙashin ƙofa. Da ruwan sama ya sauko lokacin sanyi, tsohon ya ga ruwa ya kwanta a rufi, ya sa aka buga wa Yidir waya har sau uku. Amsar ita ce za a duba. A kwana na uku bangon gabas ya zube, ya tafi da ɗakuna bakwai. Ɗaya na gidanmu ne, wanda na shekara ashirin ban leƙa ba.

Muka zo muka tsaya kan kufan, an rasa mai ɗaga ido. Sai da la'asar Yidir ya ɗauki curin sukari, kamar yadda ake zuwa neman afuwa, muka bi bayansa zuwa gidan tsohon.

"Tuda, ɗora shayi, mun yi baƙi daga birni," in ji Dda Bihi.

Da zagi ya yi mana da ya fi sauƙi. Yidir ya durƙusa ya sumbaci kansa. "Dda, mun yi kuskure."

"An ji. Gobe kowa ya zo da guduma, simintin nan sai ya sauka."

Wata goma sha huɗu ya yi yana tayar da bangon, yana da shekara saba'in da huɗu, yana juya kowane dutse sai ya gano fuskarsa. Mu kuwa sau biyu muka zo, muka ɗauki hotuna muka tafi. Ranar zuwana na biyu ya miƙo mini wani bargo a ninke, wankakke tas. Daga cikin laka ya tono shi. "Na mahaifiyarka ne, Allah ya jiƙanta. Na gane saƙarta." Na karɓa da hannu biyu.

Dda Bihi, kai ne amintaccen da gidaje tamanin suka bar wa sirrinsu, ba a taɓa jin ka buɗe baki ba. Kai ne muka kora a gaban jama'a, ka dawo ka gyara ɓarnarmu ba ka taɓa yi mana gori ba. Mun gode. Ka yafe mana dariyar ranar nan, ka yafe wa hannun da ke rubuta wannan, domin yana cikin waɗanda suka tashi.

Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, sai a kan alfadari ake hawa da shi. Ku da kuke da irinsa a garuruwanku, ku zauna gabansa ku koya tun yana iya nuna muku. Mu kuma 'yan Igil-Wamas, makon jiya na je na gaya masa zan rubuta masa godiya jama'a su karanta. Ya kurɓi shayi ya dubi tsaunin.

"Rubuta mana, ɗana. Amma ka sa musu a ƙarshe, ni ba godiya nake nema ba. Mutum nake nema mai ƙafa, wanda zai hau gobe da safe."