Ƙurajen da Suka Sa Na Yaye Ɗiyata

Ɗiyata tana da wata bakwai ƙurajen suka fara fito mini a cinya da hannu. Jajaye ne kamar ƙwayar wake, su yi baƙin ɓawo, su warke da kansu, kafin in gama hamdala wasu sun tsiro. Shi ya sa maganin kowa ya ci. Innata ta aiko da saiwa daga Gesheme, suka baje, ta ce da ma ta san aikin doguwa ne. Ƙanen mijina ya yi mini tofi a ruwa, suka baje, ya yi ta ɗaga kai. Da sun dawo kuma sai kowa ya yi gum.

Ranar da na ga ɗaya kusa da nono, hankalina ya tashi. Na rantse yarinyar nan ba za ta tsotsi wannan abu ba. Na kai ta wurin inna, na komo gida Dogon Dutsi rigata jiƙe da nono.

Wata biyar ban zauna wuri guda ba. Yau kabu-kabu zuwa asibiti, gobe man shafawa, jibi wani. A ƙarshe aka tura ni Yamai, likitoci suka yanki 'yar fata don gwaji suka ce in jira. Jira! Sau uku nake share tsakar gida a yini, ba don datti ba.

Da sakamako ya fito, likitar fata ta zaunar da ni.

"Madam, ba daga waje ya shigo ba. A jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Wasu daga cikin naki ne suke hayayyafa fiye da kima, suna taruwa a fata. Ba kasafai ake ganinsa ba. Za mu riƙa duba ki."

Na ce, "Yana kama wani?"

"Ko kaɗan."

"Ta nono fa?"

Ta ajiye biro ta dube ni. "Wa ya gaya miki haka?"

Ba kowa. Wallahi da akwai wanda zan zaga, da na ji sanyi.

Kashegari na shiga motar Gesheme. Na tarar da ɗiyata tana tafiya da ƙafarta, ta koya ba na nan. Na durƙusa na miƙa hannu biyu. Ta ƙura mini ido, sai ta ruga bayan zanen inna tana kuka.

Inna ta ce, "Yi haƙuri, ba ta son baƙi."