Yatsa Biyu na Bututu

Akwai ranar da har yau ba ta bar ni ba, wata Laraba a watan Yuni, shekara shida ke nan. Ku da kuke cikin sana'ar nan ta gyaran firigo, manya da masu jiran liberasyon, wato yaye daga koyon aiki, ku saurara. Ni ban yi lakwal, karatun boko, mai nisa ba, yadda abin ya faru zan faɗa, babu ado.

A lokacin mu biyu ne a shagon nan na Zongo, a Kwatano. Hagu nawa, firigo da na'urar sanyaya ɗaki. Dama na Isufu, Ba'adare daga garin Tawa a Nijar, mai gyaran kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya muna cin abinci a kwano ɗaya. Na girme shi, Yaya Garba yake ce mini, amma bakinsa bai san babba ba. Aiki ya ja baya a wajensa, kowa ya koma kan waya, wansa kuma yana ta kiransa ya dawo gida su riƙe shago tare. Ya ce mini bayan damina zai bar Kwatano. Na yi kamar ban ji ba.

Sai wani mai ofishin zanen gine-gine a unguwar Ganhi ya kawo masa kuka: kwamfutocinsu idan aiki ya yi nauyi sai su ɗau zafi su tsaya. Isufu ya dawo da wani bidiyo a waya, ya tura mini a fuska.

"Yaya Garba, za ka iya yin firigon da ba shi da ciki?"

"Kai Ba'adare, rana ta buga maka kai ne?"

"Duba mana, tsoho. Aikinka ne sak, Turawa ne kawai suka sa masa kaya."

Na duba, gaskiyarsa. Ga bayani ga wanda ba ɗan sana'a ba. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan abu kamar akwatin ashana, firosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta, shi ke zafi. Firigo kuwa gaz ne ke yawo a cikinsa: kwamfuresa ya matse shi, ya huce ya zama ruwa, ya bi ta siririn bututu, ya fito ya tafasa ya koma iska. Wannan tafasar ita ke shanye zafi. A firigo jikin bango take faruwa. Mu kuma muna so ta faru a cikin ɗan dunƙulen jan ƙarfe da za a ɗora a kan firosesa.

Mutumin Ganhi ya ce idan ya gani da idonsa, mu yi wa injinan ofishinsa duka, mu riƙa kula da su. Isufu ya ce, "In wannan ya zauna, Tawa ta jira." Tun da na ji haka na ajiye firigon mutane gefe.

Mako biyar muka yi. Kwamfuresa na ciro daga wani tsohon firiza a Godome. Dunƙulen jan ƙarfen wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya huda mana hanyoyi a ciki, ni na yi waldar. Siririn bututun sau huɗu ina yankewa ina sake liƙawa, don in ya yi tsawo gaz ba ya isa, in ya gajarta sanyi ba ya sauka. Kowane karo sai an zuƙe iska an sake ɗura gaz. Isufu yana zaune a kan bokiti yana cewa, "Da haƙurin nan ka yi wa matarka Hajiya da ba ta je gidansu sau uku ba." Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan makonni ba. Mu kullum abin da wani ya ƙera ya lalace muke tayarwa. Wannan namu ne tun daga ƙusa.

Gwajin a kan kwamfutar Isufu za a yi, wadda ya shekara biyu yana haɗawa guntu-guntu. Abu ɗaya ya nanata mini. Iskar Kwatano ruwa ce, duk abin da ya yi sanyi sai ya yi gumi, ɗigo ɗaya kuma a kan allon cikin kwamfuta, inda firosesa ke zaune, ya isa ya ƙona ta. Shi ya shafe bayan allon da maiko, ya toshe ko'ina. Ni kuma na rufe bututun da baƙin soso. "Har wuya, Yaya Garba. Kar iska ta ga ƙarfe."

Na ce to. Amma kun san halinmu. Mai firigo bai yarda gaz ya daidaita ba sai ya ga farar ƙanƙara ta hau bututu, ya taɓa da bayan yatsa. Haka patron ɗina, maigidana a sana'a, ya koya mini, agogon gaz ma bai cika yarda da shi ba. Da safen Larabar nan, Isufu ya fita sayo kunu, na ɗau reza na yanke soso faɗin yatsa biyu kusa da dunƙulen, ta ƙasa inda ba zai gani ba. Nufina in duba in mayar.

Muka kunna. Fuskar kwamfutar ta nuna sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifiri. Isufu ya ɗora mata aiki mai nauyi, ba ta ko yi tari ba. Ya tashi yana rawa da kofin kunu a hannu, yana ce mini injiniya. Na leƙa ƙasa, ƙanƙara ta taru fara tas, kyakkyawa. Daɗi ya ɗauke ni, na manta da guntun soson a aljihu.

Ƙarfe huɗu mutumin Ganhi zai zo. Wajen ƙarfe ɗaya kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Muka rufe shago, muka yi azahar, muka ci shinkafa. Ƙanƙarar ta narke a bayanmu, ruwan ya bi ƙarƙashin soso ya gangara inda bai kamata ba. Da wuta ta dawo, Isufu ya danna maɓalli. Ƙara ɗaya, "tas", sai wari.

Ya kwance komai a hankali. Ya shafa bututun, yatsansa ya faɗa a wurin da na yanke. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Yaya Garba, ka dai ga ƙanƙararka?"

"Na gani."

"Ta yi kyau?"

Ya ɗau waya ya ce wa mutumin Ganhi kada ya wahalar da kansa. Babu wata kwamfutar da za mu sake gwadawa a kai, mutumin kuma ba zai ba mu tasa ba bayan wannan. Farkon Satumba na raka Isufu tashar mota a Jonke. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ce in riƙa cin abinci a kan lokaci.

Abin da na koya shi ne, hannun da ya ƙware yana da taurin kai. Abin da ya ciyar da kai shekara ashirin, ranar da aka ce ka bar shi sai ka ga kamar an raina ka. In aiki ya haɗa ka da mai wata sana'a, a ɓangarensa kai ne apranti, ɗan koyo, ko da ka yi furfura.

Da Sallar da ta wuce ya kira ni. Ya ce, "Tsoho, nan iskarmu busasshiya ce, ko ka yanke soson duka da ƙyar ya yi gumi. Ɗauko kwamfuresanka ka zo mu sake." Muka yi dariya har na yi tari. Na ce masa ina nan tafe. Ya san ƙarya nake, ga iyali, ga shago, ga ciwon gwiwa. Amma na tambayi awa nawa mota take yi zuwa Tawa.